Onorina Screm da Ciyawar Palis

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Onorina Screm a ɗakinta da ke bayan majami'ar ƙauyenmu na Clavedan, tana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarta Ilva ce ke kanta. Ni ina can gindin dutse, a bukkar injin da ke jan masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara zuwa sama, sai na ji ƙararrawar majami'a tana bugawa ɗaya-ɗaya. Ban tambayi kowa ba, na kashe injin. Mutum goma sha ɗaya ne ke riƙe da sandunan ja a tsakiyar gangare, suka yi ta aiko mini da zagi daga can, ni kuwa na bar su a tsaye har aka gama bugun. Wanda ya ba da rai shi ya karɓi abinsa, kuma hanyar kowa ke nan.

Yaya Onorina, ni ne Ciso, ƙanin mijinki marigayi Gelindo, wanda kika yi shekara hamsin kina kira malalacin gidanmu. An ce in rubuta wani abu a kanki don takardar majami'a. Ermes, mai masaukin baƙi kuma shugaban kwamitin da ke kula da filin zamiyarmu, har gida ya tako ya same ni, ya ce in yi shi gajere mai daɗi, kada in tono abin da ya wuce. Na ce masa to. Ga shi ina rubutawa, ba gajere ba ne, daɗinsa kuma sai wanda ya ɗanɗana.

Ba sai na faɗa miki abin da muke da shi ba. Injin ja guda ɗaya, wanda ya girmi rabin 'yan kwamitin, da gangare biyu na koyo, sai kuma babban gangaren da muke kira Palis. Don Palis ake zuwa Clavedan. Idan dusar ƙanƙara ta zuba busasshiya, mai laushi, irin wadda muke kira fulawa, mutum ya ɗaura katakan zamiya a ƙafa ya saki jiki daga saman Palis, sai ta tashi ta rufe shi har ƙirji, ba ƙara, ba gargada, ba ya jin komai sai numfashinsa. Shekara talatin da shida ke ce mai igiyar da ke tare bakin wannan gangare. Duk safiyar da aka wayi gari da sabuwar dusa, sai kin hau da shebur a baya, kin haƙa rami har kin iske ƙasa, kin cire safar hannu kin shafa abin da ke ƙarƙashi, sannan ki kwance igiya ko ki bar ta. Ba wanda ke taɓa ta sai ke.

Abin da kike nema a gindin ramin nan shi ne abin da waɗannan masu kukan naki yanzu ba su taɓa yarda su fahimta ba, ciyawa. Palis a lokacin zafi makiyaya ce. Idan an yanke ciyawarta a watan Yuli, kututturen da ya rage yakan tsaya tsaye kamar ƙusoshi, dusa ta zauna a kansa ta kama. Idan ba a yanke ba, doguwar ciyawar takan kwanta ta fuskanci ƙasa, ta jiƙe, ta yi santsi, sai dusar hunturu gaba ɗaya ta zauna a kan abin da ba ya riƙo. Tana iya zama a haka har ta narke. Tana iya kuma tashi rana ɗaya ta zaftaro duka. Kin ga hakan da idonki kina 'yar shekara takwas, shekarar da mazan ƙauye suka tafi ci-rani ba a yanke Palis ba. Dusar ta sauko da rana tsaka ta kwashe rumbunan ciyawa uku da ƙanwarki Delia da aka aika ba shanu ruwa. Sunanta na nan a bangon majami'a, inda Ermes ke jingina lemarsa.

Shi ya sa kowane Yuli kike ɗaura ƙarafa masu tsini a takalmanki, ki ɗauki lauje, ki hau. Da can duk matan ƙauye ke hawa, don kowane gida na da shanu. Sannu a hankali aka sayar da shanun, matan suka tsufa, 'ya'yansu suka koma birni, ya rage ke da Gelindo, daga baya ke kaɗai. Kwana goma sha biyu kike yi kina yankan ciyawar da babu saniyar da za ta ci, kina ɗauko ta a kwando a bayanki kina jibgewa a gefe. Mazan da ke zaune a ƙofar masaukin Ermes suna kallonki daga ƙasa da kofunansu a hannu, suna cewa tsufa ya fara taɓa Onorina, tana noma wa fatalwar shanu. A watan Janairu kuwa su ne a gaban layi, suna jira ki kwance musu igiya. Ban taɓa ganin ɗayansu ya haɗa abin biyu a kansa ba. Ni ma da na haɗa, sau uku kacal na bi ki da lauje a duk tsawon shekarun nan, ko a lokacin ma don Gelindo ya tsare ni da ido ne.

Baƙi kuma, ai sai addu'a. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da 'yan tsirarun da suka san hanya, har wani ya ɗauki hoton Palis ya watsa wa duniya cewa ya gano ɓoyayyen wuri mai shiru. Daga ranar shirun ya ƙare. Suna zuwa da tufafi masu launin tsuntsun aku, da kataki mai faɗin ƙyauren taga, da na'urar ɗaukar hoto a kan hular kwano, kowa na neman ya zama na farkon da zai tsaga fulawa, ba don ya ji daɗinta ba, don a gan shi. Suna zuwa neman shiru su hamsin, kowanne na ihu. Na tuna wani likitan haƙori daga birni da ya tsaya a gaban igiya yana nuna miki wayarsa, wai ta ce masa yau babu hatsari. Kika dube shi daga sama har ƙasa kika ce, "Ɗana, wayar taka ta taɓa yankan ciyawa?" Bai gane ba, ya tafi yana gunaguni. Da rana ya zagaya ta cikin itatuwa don ya sace hanya, ya afka rami ya gurɗe gwiwa. Ke kika jawo shi a kan katakon ɗaukar ciyawa har ƙasa, kika zaunar da shi a madafarki, kika cika shi da polenta, tuwon masararmu, da soyayyen cuku da dankali, kika ba shi safar Gelindo. Ba ki ce masa na faɗa maka ba. Shi kuma bai dawo da safar ba.

Haka kike. Duk wanda kika kora daga bakin igiya, in ya yarda ya bi ki gida zai ci ya ƙoshi. Bakinki kaifi gare shi, hannunki kuma a buɗe. Yaran makaranta duk a hannunki suka koyi tsayuwa a kan kataki, kuma ba ki taɓa karɓar komai ba sai dai ki sa su share miki ƙofar gida.

Akwai wadda ni kaɗai na sani. Shekarar da matata Marisa ta rasu, na yi wata biyu ban fita ba. Wata safiya kika turo ƙofa ba sallama, kika yaye labule, kika jefo mini takalma kika ce in tashi, gida ya fara warin gwauro. Muka hau Palis mu biyu, dusa ta kwana zuba, rana ta fito, babu sawun ko tsuntsu a kanta. Kika haƙa raminki, kika kwance igiya, kika matsa gefe. A duk rayuwarki ba ki taɓa barin wani ya riga ki shiga ba, don kin ce in dusar za ta tafi da mutum, ta tafi da wadda ta buɗe. Ranar nan kika ce, "Wuce, malalaci. Yau taka ce." Na sauka ina kuka har ƙasa, hawaye na daskarewa a gemuna, na kuma tarar a ƙasan ina jin yunwa, karo na farko tun jana'iza. Ba mu taɓa tada zancen ba daga baya.

To, wannan mutumin da kika yi wa haka, ga abin da ya saka miki da shi.

Shekara biyar da suka wuce, a watan Yuni, kika faɗo daga tsani kika karye a ƙugu. Daga gadon asibiti kika aiko wa kwamiti cewa a samo maza huɗu su yi kwana uku a Palis da lauje. Maza huɗu, kwana uku. Ermes ya ce baƙin bazara sun yi masa yawa. Ma'ajin kwamiti ya ce bayansa. Wani ya ce zai je, sai ga shi an gan shi a bakin teku. Ni na ce injin ja na bukatar gyara, kuma ƙarya nake, injin lafiyarsa ƙalau. Aka ce za a nemo injin yanka daga ƙauyen ƙasa, aka yi zama biyu a kan maganar, aka sha giya a duka biyun, Yuli ta wuce. Dusar farko ta zubo a Nuwamba a kan doguwar ciyawa da ƙasar da ba ta daskare ba.

Kika ce Palis ba za ta buɗu ba a wannan hunturun. Aka yi haƙuri da ke har Fabrairu, don dusar ba ta yi yawa ba. Sai ga wata zuba da ba a ga irinta ba cikin shekara goma, kwana uku ba tsayawa, ranar Asabar gari ya waye tas. Motoci suka cika ƙauye har cikin maƙabarta. Ba ki iya hawa da ƙafarki ba, kika sa Ilva ta kai ki a bayan babur ɗin dusa, kika kafa kujera a bakin igiya, sandarki a kan cinya. Ermes ya hauro yana haki, mutane fiye da ɗari a bayansa.

"Haba Goggo," ya ce, "ki dubi jama'a. Wasu tun daga wata ƙasa suka zo. Abin nan da kike tsoro shekara saba'in ke nan bai faru ba."

"Bai faru ba don ina yankewa," kika ce. "Bana wa ya yanke? Kai?"

Ya ce ai zamani ya canza, akwai hasashen masana. Kika ce masanan su zo su sa hannu a ramin. Sai ya sauka, ya tara kwamiti a ɗakin cin abincinsa, cikin minti ashirin aka yanke cewa an gode miki da dogon aikinki, lokacin hutu ya yi, daga yau igiya na hannun Ciso. Mutanen da suka kasa samo lauje huɗu a wata guda, sun iya tsige ki kafin kofi ya huce. Ina cikin ɗakin. Ban ɗaga hannu ba, ban kuma buɗe baki ba, na dinga gaya wa kaina cewa shiru ba yarda ba ce. Da aka miƙo mini aikin kuwa na karɓa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na hau na tsaya a gabanki. Kika tambaye ni abu ɗaya, "Ka haƙa?" Na ce a'a. Kika ce, "To kwance." Na kwance ƙullin da ke kika koya mini ɗaura shi, suka kwararo ta gefen kujerarki suna shewa, wasu har suna ɗaukar hotonki.

Palis ba ta zaftaro ba. Ba ta zaftaro ranar ba, ba ta zaftaro a wannan hunturun ba, ba ta kuma zaftaro a huɗun da suka biyo ba, alhali tun daga lokacin ba a sake sa mata lauje ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai game da aikinki. Mai tsare mutane daga masifa ba ya da abin nunawa, in ya yi daidai ba abin da ke faruwa, in an ƙi jinsa aka tsira, sai ya zama abin dariya. Dariyar kuwa an yi ta. Suka laƙaba miki Goggo Zaftara. Idan cokali ya faɗi a masaukin Ermes sai wani ya ce a kira Onorina, dutse ya taho. Jikokin matan da kuka yi yanka tare ne ke wannan wasan, kina wucewa da sandarki kina ji. Ba su san bambancin wanda ya yi gaskiya da wanda ya taki sa'a ba, kuma har gobe ba su sani ba.

Ni kuwa da kin zage ni da na samu sauƙi. Ba ki zage ni ba. Kowace Lahadi kwanon miyar sha'ir ɗinki na isowa gidana kamar da. Duk safiyar sabuwar dusa, in na wuce ta tagarki, sai ki buɗe ki ce, "Ka haƙa?" In ce na haƙa. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa rabin rami nake yi in tsaya, don na san abin da zan tarar a ƙasa, ba na kuma son in taɓa shi. Kin san ina ƙarya, sai ki gyaɗa kai ki rufe tagar. Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na yi a rayuwata.

Da kin ga jana'izarki, Yaya. Ermes ya kawo furanni masu girman tayar tarakta, da sunan masaukinsa a jikin ƙyallen, manyan haruffa. Ya yi kuka har ana riƙe shi. Ya tsaya a bakin kabari ya kira ki uwar Palis, ya ce ke kika koya mana girmama dutse. Wanda ya fara laƙaba miki Goggo Zaftara na cikin masu ɗaukar akwatinki, fuska a murtuke kamar shi aka yi wa mutuwa. Ilva ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ba a gama zuba ƙasa ba aka fara raɗe-raɗin abin da kwamiti ya shirya, ashe abin nema ya samu. Za a sauya wa Palis suna ta koma Gangaren Onorina, an riga an ba da aikin allon. Za a yi gagarumar sauka ta mutum ɗari biyu a lokaci ɗaya don tunawa da ke. Addu'ar kwana talatin ɗinki ta faɗo ranar Alhamis, suka roƙi Fada, limamin majami'a, ya matsar da ita zuwa Asabar, sha biyar ga Fabrairu, saboda baƙi ba sa zuwa Alhamis. Hotonki na nan a manne a kowane bango, wanda aka ɗauke ki a kan kujera ranar da aka tsige ki, an rubuta a ƙasa, mai gadin fulawa. Da ranki kin tsaya musu a wuya, yanzu da ba kya iya magana kin zama abin talla. Mutum ɗari biyu a kan ciyawar shekara shida, da sunan matar da ta rasa aikinta don ta hana a hau ta shekara ɗaya.

Yau Laraba nake wannan rubutu. Tun Lahadi dusa ke zuba, kuma an ce za ta ɗauke ranar Juma'a, Asabar rana za ta fito da ɗumi. Jiya na hau da shebur ɗinki, wanda Ilva ta ba ni. Na haƙa har ƙasa, na cire safa, na sa hannu. Ciyawar na kwance a cure, jiƙe sharkaf, da santsi kamar miyar kuɓewa. Na ƙara hawa zuwa can sama ƙarƙashin duwatsu, na tarar dusar ta tsage a kwance, tsagar ta kai taku talatin, ana hango baƙar ƙasa a cikinta. Na sauko na gaya wa Ermes. Ya dafa kafaɗata ya ce baƙin ciki ne ke damuna, in je in huta, duk ɗakunansa an kama su.

Saboda haka ga abin da nake so kowa a Clavedan ya karanta tun kafin ranar. Ba zan kwance igiyar Palis ranar Asabar ba. Zan kai kujera in zauna a bakinta. Kwamiti ya san hanyar ɗakin cin abinci, minti ashirin sun ishe su, su tsige ni su naɗa wani. Amma wanda za a naɗa sai ya zo ya tsaya a gabana, a gaban jama'a, in tambaye shi ko ya haƙa. Na san abin da ya fi yiwuwa. Wataƙila su buɗe, su sauka lafiya, Palis ta yi shiru a karo na shida, a kuma samo mini nawa laƙabin kafin rana ta faɗi. Ina roƙon Allah hakan ta kasance, gara a yi mini dariya har in mutu da a ƙara suna a bangon majami'a. Wanda kuma yake son ya girmama Onorina Screm da gaske, ba allo take bukata ba. Ya wasa lauje ya same ni a gindin Palis ranar ɗaya ga Yuli. Zan ga masu kukan nan nawa za su zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ilva, wadda ta bar aikinta a birni ta yi jinyar mahaifiyarta shekara biyu, da ɗan'uwanta Renzo, da jikoki biyar, da tsofaffin matan nan uku da suka rage cikin waɗanda suka hau Palis da lauje tare da ita. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa albarka a abin da ta bari. Kwamiti ban yi musu ta'aziyya ba, don ban ga abin da suka rasa ba.

Yaya Onorina, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sada ki da Gelindo da Delia cikin salama. Ya saka miki da alheri a kan kowane rai da ya sauka Palis ya koma gida bai san ke kika kai shi ba. Ki yafe mini, ko da ban roƙa ba sai da kika tafi. Ni kuma Allah ya ara mini taurin kanki na yini ɗaya, ranar Asabar. Amin.